Rijiyar da Na Ƙi Rufewa

Na san abin da kuke ji a gari, ko ba ku faɗa mini ba. Ana cewa ubanku ya kashe fadamar wansa da taurin kai, an kawo mishi siminti har gida ya ce ba ya so. Rabin maganar gaskiya ce, shi ya sa ba na fushi da masu faɗinta. Ɗaya rabin ne za ni ajiye muku a nan, tun ina da bakin faɗa, don kada wata rana ku tsaya kare ni da abin da ba haka ya faru ba.

Ni maginin rijiya ne, ɗan maginin rijiya. Daga Kurawa har bakin Sabon Birni, da wuya mutum ya yi kwana uku yana yawo bai sha daga ramin da ni ko Baba munka sauka ba. Abu biyu Baba ya dasa mini tun ina jan ƙasa da igiya a bakin rami. Na farko, in rijiya ta mutu, wanda ya gina ta shi ke zuwa ya cike ta, tun daga gindi, dutse da ƙasa bi da bi har ta kawo baki. Wanda ya jera itace a sama ya watsa ƙasa, ɓoye ta kawai ya yi, kuma wata rana jakin wani ko ɗan wani zai gano ta. Na biyu, ba a ƙin rijiya. Wanda ya ba gari rijiya sadaka ya yi wadda ladarta ke bin sa har kabari, in ka ce ba ka so ka tare mishi lada ke nan. Ban taɓa zaton abubuwan nan biyu za su yi karo a kaina ba.

Masu neman man fetur sun zo mana a ƙarshen wata kaka, da motocin da tayarsu ta fi ni tsawo. Sunka yi ta aune-aune, daga baya sunka kafa ƙarfensu a gefen fadamar Yaya Mamman, wana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda a lokacin shi ne mai unguwa. Fadamar nan ita ce duk abin da ya mallaka. Albasarta har Isa an san ta, fatake daga Nijar kan zo su taya tun tana ƙasa. Ni kuwa anka ɗauke ni gadi. Sai in wuni ina kallon inji yana cin ƙasa ba gumi ba nishi, ni da nakan yi wata biyu a rami kafin in ga danshi. Babban mai aikin wani Bayerabe ne, gajere mai tumbi, kowa Injiniya yake ce mishi. Kun san wasan da ke tsakaninmu Gobirawa da Yarbawa, ko a gaban wa ba a hana shi. Ranar da ya fara ganin tsagen fuskata sai ya tafa hannu.

"Alhamdu lillahi, na samu bawana. Zo ɗaukar mini jaka."

Na ce, "Yaushe bawa ya fara aiken ubangidansa? Faɗa mini, wagga rijiya taku gaba nawa ce?"

Bai san gaba ba, sai na ware mishi hannuwana biyu. Ya dube ni, ya yi ɗan zane a takarda, ya ce in da za a zaro ta a kwantar a ƙasa sai ta kai ni kasuwar Kurawa. Na ɗauka cikin wasan ne. Bakinta fa ko ƙwarya ba ta shiga.

Rani guda sunka ci a wurin, ba su samu abin da suke nema ba. Sunka ɗora wa ramin wani kan ƙarfe mai sitiyari irin na mota, sunka fara naɗe kaya. Ranar tafiya anka kafa rumfa, anka raba lemo. Wani mai kwat ya karanta doguwar takarda da Turanci, tafinta ya juya mana ita da magana guda: kamfani ya bar wa gari rijiya, kyauta. Jama'a sunka ɗau godiya, liman ya yi addu'a Allah ya kai ladar inda anka nufa. Injiniya ba ya nan, an ce ya wuce gaba da manyan motoci. Yaya ya dangwala hannu a matsayinsa na mai unguwa, sannan ya waiwayo ya neme ni a cikin taro.

"Umaru, taho ka sa naka. Kai ne mai rijiyoyin garin ga."

Na sa. Kada in yi muku ƙarya, daɗi ma na ji, an kira ni a gaban baƙi. Da na koma gida na tarar da uwarku tana tankaɗe, na ba ta labari ina wani fankama. Ta saurara har na gama.

"Malam, ta ina ake zura mata guga?"

"Ke mi kinka sani ga aikin inji? Wata rana za a sa mata famfo."

"To, Allah shi sa," ta ce, ta ci gaba da tankaɗenta.

Mutanen Kamarawa, garin uwarku, haka suke, in sun ce maka "to" ya kamata ka koma ka sake duba maganarka. Ni ban duba ba.

Shekaru sunka ja har munka manta da rijiyar. Awaki na sosa jiki da ƙarfen, tsatsa na cinsa a hankali, famfo kuwa shiru. Shekarar da nake son ku sani, albasa ta fara kai ke nan, Jabbi ya yi mini sallama da hantsi. Bafulatani ne da shanunsa ke sha a tafkin fadama tun zamanin ubansa, mutum ne da ba ka jin muryarsa sai ka matsa.

"Umaru, shanu sun ƙi ruwa. Karsana biyu da sunka sha sun kwanta. Ban zo rigima ba. An ce kai ne mai rijiyar ƙarfe, shi ya sa na zo."

Mai rijiyar ƙarfe. Ban taɓa jin sunan a kaina ba sai ranar. Munka tafi tare. Ruwa ne ke tsattsafowa daga gindin ƙarfen, baƙi-baƙi, da maiƙo a samansa, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Na taɓa da yatsa na kai baki, gishiri ya kama mini harshe. Duk inda ya bi ƙasa ta yi fari kamar an barbaɗa kanwa, kuma layin albasar Yaya na farko ya riga ya ƙone. Na ɗaga kai na dubi yamma. Rijiyar gari, wadda Baba ya gina, wadda kowa ke sha, ba ta fi jifa biyu daga inda muke tsaye ba. Mata na can na ja suna hirarsu.

Wani malamin makaranta a Isa ya rubuta mana wasiƙa zuwa kamfani. Ta farko shiru, ta biyu shiru. Sai da damina ta wuce, ana shirin dashen albasa, sannan wata mota ta shigo gari shaƙe da buhunan siminti. Wani sabon mai kwat ya sauko da takarda a hannu, a bayansa kuma Injiniya, ya yi furfura. Anka taru a ƙofar gidan Yaya. Mai kwat ya ɗaga takardar nan ta ranar rumfa, ga dangwalen Yaya, ga nawa. Ya ce rijiya tamu ce, mun karɓa da hannunmu, kamfani ba shi da sauran hannu a cikinta. Amma saboda tausayi an kawo mana siminti, mu zuba a bakinta mu toshe, mu biyun nan mu sake dangwalawa cewa an rufe, shi ke nan. Na ga fuskar Yaya ta saki, rabon da in ga haƙorinsa tun kafin azumi. Ana cikin sauke buhu Injiniya ya jawo hannuna, wai in zo in nuna mishi ƙarfen.

"Bawana, ka tsufa."

"Kai ma tumbin ya zube. Ba a ba ka doya ne?"

Ya yi dariya. Da munka yi nisa da mutane ya rage murya.

"Bari in gwada ka, tunda an ce Gobirawa ƙarfi gare su ba wayo. In randa ta tsage a gindi, ka liƙe mata baki, ruwan ina zai bi?"

"Gefe," na ce.

"To. Ni ban ce komai ba. Wasa nake da bawana."

Ya sake ƙyalƙyalewa da ƙarfi yadda mai kwat zai ji, amma idonsa na kan matan da ke jan ruwa. Na tambaye shi su a aikinsu yaya ake kashe irin wannan rami. Ya ce inji ake kawowa, a zura bututu har ƙasa, a yi ta ɗura siminti daga gindi ana hawowa. Wato dai aikin Baba ne, sai dai da inji. Abin da ke cikin motar nan kuwa itace ne za a jera a baki a watsa ƙasa. Na ji kunya ta rufe ni, a ce sai baƙo ya tuna mini abin da na sani tun ban fara aski ba.

Na dawo na ce a mayar da buhunan cikin mota, ni ba ni sa hannu. Sai da anka yi azahar Yaya ya kira ni zaure, mu biyu.

"Umaru, fadamata ce ke mutuwa, ba taka ba."

"Na sani, Yaya."

"Ka zuba simintin nan. Ko shekara biyar ya riƙe, na gode Allah."

"In na toshe baki, ƙarƙashi za shi bi, shi faɗa rijiyar Baba. Kuma ranar da munka dangwala an rufe, ba su sake waiwayarmu har abada."

"Wa ya faɗa maka?"

Ba ni iya kiran sunan Injiniya, da na kira da na raba shi da abincinsa. Na ce aikina ya faɗa mini.

"Aikinka ya san ramin da ba ka taɓa shiga ba? Kyauta anka ba mu, munka yi godiya gaban liman. Yanzu so kake a ce gidanmu ya mayar da sadaka?"

"Za ni mayar, Yaya. Ka gafarce ni."

Daga nan ya miƙe ya shiga gida, ya bar ni da tabarma. Mota ta juya da simintinta, don takarda hannu biyu take so. Ko da ma an bar buhunan, babu maginin da zai taɓa ramin da na ƙi. Ku rubuta wannan a ranku: ban tabbata ba. Har yau ban san ko simintin nan zai riƙe shekara biyar ɗin da Yaya ya roƙa ba, ko ma goma. Tsoro na ji saboda ruwan shan gari, na zaɓa, kuma da gonar wani na zaɓa.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Wani lauya ɗan Isa ya karɓi maganarmu, munka yi ta zirga-zirga zuwa Sakkwato, ofishin da ke kula da irin waɗannan ramuka. Lokacin kuma hanya ta lalace da 'yan bindiga, mutanen wajen Gatawa na ta kwararowa Sabon Birni da 'yan kayansu a ka, sai kamfani ya samu abin fakewa, kullum amsa ɗaya, ba tsaro. Na ce wa lauya ya tambaye su, motar da ta kawo siminti ta sama ta biyo? Ni kuwa na gina wani kwatami a gefe, na daɓe shi da yumɓu, na ja ruwan banzan nan zuwa ciki don ya nisanci rijiyar gari. Da rani yana riƙewa. Da damina sai ya cika ya malala, kuma fadamar Yaya ce a gangarensa. Shekarar farko Yaya ya cire rabin abin da ya saba. Ta biyu bai mayar da iri ba. Ta uku ko ciyawa ba ta fito ba, fili fari fat. Ya ajiye unguwa, ya kwashe iyalinsa ya koma Isa, mutumin da fatake ke bi har gona ya koma yana kasa albasar wasu a bakin tasha. In mun haɗu sallama ce kawai. A masallaci nakan ji ana magana, in na shigo a yi shiru. Na rame, har uwarku ta fara ɓoye mini madubi.

A ƙarshe anka ce za a turo masu dubawa. Sunka zo mota biyu da rakiya, wani dattijo daga ofishin, lauyanmu, da mai kwat na kamfani. Anka zauna a zaurena kafin a fita fili. Mai kwat ya fara da waƙarsa ta kullum, ya ce takarda ta nuna rijiyar ruwa anka ba gari, gari ya karɓa ya yi godiya. Ina neman ta inda za ni fara, sai na ji sallamar uwarku a bakin ƙofa. Ban taɓa ganin ta leƙo zaure da baƙi maza ba. Ta durƙusa, ta turo sabuwar ƙwarya da faifai a kai.

"Sannunku da hanya. Ga ruwa."

Dattijon ya ɗage faifai, wari ya cika zaure. Kowa ya kau da kai.

"Na rijiyar da kunka ba mu ne," ta ce, muryarta lafiya lau. "Tun da anka ba mu ba mu taɓa shayar da ku ba, abin na damuna."

Ta ja labule ta koma. Dattijon nan ya dubi ƙwarya, ya dubi mai kwat, sai ya miƙa mishi da hannu biyu.

"Bismillah. Mai kyauta shi ke farawa."

Kun san baƙo ba ya ture ruwan da anka kawo mishi, ko ba ya jin ƙishi sai ya kurɓa. Bawan Allah ya karɓa, ya rasa yadda zai yi. Ya kasa kaiwa baki, ya kasa ajiyewa, maiƙo na yawo a saman ruwan. Har tausayi ya ba ni, don shi ma aiko shi anka yi. A nan bakina ya buɗe. Na ce ranka shi daɗe, mu rijiya anka ce an ba mu, kuma a wajenmu ba a ƙin rijiya, shi ya sa na dangwala ban tambaya ba, laifina ne wannan. Amma abin da ba a sha, ba a ba dabba, ba a zura mishi guga, rami ne, kuma rami na wanda ya haƙa shi ne har ya cike shi. Na ce ga shaidu, ni Umaru na mayar musu da kyautarsu, in akwai zunubin tare lada a kaina yake. Dattijon ya rubuta. Ban ce ƙwarya ce ta ci shari'a ba, lauya ya sha wahala shekara guda bayan nan, amma daga ranar ban sake jin wani ya kira ta kyauta ba. Da baƙi sunka tafi na shiga gida na ce mata ta kusa kashe ni da tsoro. Ta ce ƙwaryarta sabuwa ce ta ɓata, in sayo mata wata.

Sun zo da injinsu wata bazara. Injiniya ba ya cikinsu, an ce ya bar aiki, ban sake ganinsa ba, kuma ban taɓa gode mishi ba. Kwana da kwanaki suna ɗura siminti, ni ina zaune a kan dutse ina kallo, ba wanda ya sa ni gadi wannan karon. Sunka yanke kan ƙarfen, sunka kwashe ƙasar da ta fi lalacewa. Na tambayi babbansu yaushe fadama za ta farfaɗo, ya ce gishiri ba ya fita da sauri, sai damina da yawa sun wanke. Ranar da sunka tafi na je rijiyar Baba na ja guga da kaina na sha. Ruwa garau, kamar yadda kunka san shi yau.

Washegari na hau mota zuwa Isa. Na tarar da Yaya kwance a ɗaki, ciwon da ya tafi da shi ya riga ya kama shi. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, na ce an cike.

"Har gindi?"

"Har gindi, Yaya. Ina wurin."

"Rijiyar Baba fa?"

"Lafiya lau. Jiya na sha."

Ya lumshe ido. Na ɗauka barci ya kwashe shi, sai na ji ya ce,

"In an dasa bana, za ta yi?"

Na so in ce za ta yi, wallahi na so. Na ce ba ta yi bana, Yaya, baɗi ma ba ta yi.

"To," ya ce. Ya juya fuska ga bango.

Bai ce na yi daidai ba, har Allah ya karɓi abinsa bai ce ba, kuma ban ga laifinsa ba. Don haka in kun ji 'ya'yansa na faɗin magana a kaina, kada ku tanka, kada ku ce musu ubanku ne mai gaskiya. Ni hannu kawai na ƙi sawa. Ruwan da kuke sha safe da yamma, da fadamar ubansu anka tsare muku shi, kuma ba a tambaye su ba.